Bakina ne ya ɗaure ɗiyata, ga sanyi yana tahowa

Daga admin: Wata dattijuwa ce ta aiko daga Ƙanƙara, ta ce a ɓoye sunanta. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yi magana, kuma banda zagi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manyanku da yaranku. Don Allah ku ba ni shawara, ku ɗauka kakarku ce ta zo ta zauna a bakin tabarmarku. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Maƙwabciyata ce, malamar islamiyya, ke riƙe da waya, ina faɗa tana rubutawa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mani magana ko a inda ta yi muni.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a gefen Yargoje, rashin zaman lafiya ya maido mu cikin Ƙanƙara. Na haifi tara, shida na raye, jikoki kuwa sai na tsaya lissafi. Amma maganata a kan ɗiyata ta fari ce, wadda ke aure a Sheme. Ku yaran yanzu ba lalle ku san yadda muke da ɗan fari ba. Ba a faɗin sunanshi, ba a yi mashi wasa a gaban mutane, ba a zaman hira da shi. Tun da aka yaye ta "waccan" nake ce mata, da ta yi aure ta koma "ta Sheme". Ko tana zaune gabana, in ina son ta ci abinci sai in dubi ƙanwarta, wadda zan kira Ladidi, in ce a gaya wa baƙuwa tuwo na hucewa. Ladidi takan ce, "Inna ni fa na gaji, kun mai da ni wayar salula, kuma ba mai sa mani caji." Mu yi dariya, ita ma ta yi, kanta a ƙasa. Haka muka taras iyayenmu na yi, kuma Allah shi ne shaida, cikin duk abin da na haifa babu wanda ke kwana a raina kamarta.

Shekararta goma sha ɗaya a ɗakin miji, ɓari biyu, babu ɗa a hannu. Ga ta da ciwon fuka tun tana ƙarama, da sanyi ya shigo sai ka ji ƙirjinta na kuka daga bakin ƙofa. Mijinta ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mata murya a kan haihuwa ba. Bara waccan, bayan an gama yankan dawa, ya kai ta babban asibiti a Funtuwa. Likitar mace ce, ta duba ta, ta ba ta magunguna, sannan ta ce tunda neman ciki take yi kuma ga ƙirjinta, ya kamata a yi mata allurar rigakafin mura mai tsanani, wadda suke kira fulu, tun sanyi bai kankama ba. Ta ce duk shekara ake yin ta, kuma mura irin wannan in ta samu mai ciki mai fuka ba ta yi mata da sauƙi. Ranar ba su samu allurar ba, aka ce su dawo bayan mako guda.

To a cikin makon nan ne ta biyo ta wurina. Ina bayan ɗaki ina tankaɗe, na ji tana ba Ladidi labari. Kalma biyu kawai kunnena ya riƙe, allura da neman ciki. Jama'a, mu mun tashi muna jin cewa akwai allurar da ke busar da mahaifa. A ƙauyenmu na ga matar da aka yi wa allura yau, gobe cikinta ya zube, ban kuwa taɓa tambayar allurar mece ce ko abin da ke damunta tun farko ba.  Na aje rariya, na fito da gari a hannuna, na tsaya gabanta. Ranar ce rana ta farko a duniya da na dubi idonta na kira sunanta na yanka. Na ce mata in ta bari aka soka mata allura tana neman haihuwa, ban yafe nonon da ta sha ba.

Ladidi ta yi ta faɗa, wai likita ta fi ni sani, wai ban ma tsaya na ji ƙarshen zancen ba. Na ce ta rufe mani baki, likitar ba ita ta yi naƙudarta ba. Ita kuwa ta Sheme ta ce, "To Inna." Ba ta koma Funtuwa ba. Mijin ya aiko a ba ni haƙuri, na ce a gaya mashi na gama magana, shi kuma ya ce ba zai shiga tsakanin uwa da ɗiya ba.

Ana nan ana nan, damina ta faɗi, Allah ya ba ta ciki. Na yi murna a ɓoye, har na ce a raina, ga shi nan, da an bi ta likita da yanzu ana kuka. Kwanci tashi ya kai wata bakwai, aka kawo ta gidana goyon ciki, daidai tsakiyar sanyin bara. Sai aka yi biki a unguwarmu, mutanen gidan suka je suka kwaso mura. Ta kama jikoki, ta kama ni, kowa ya yi kwana uku huɗu ya tashi. Da murar ta zo kan ta Sheme sai ta zama wani abu daban. Zazzaɓi kamar garwashi, ciwon gaɓoɓi, tari ba tsayawa. Na dafa citta da kanumfari, na yi mata sirace, na shafa man zafi, kwana uku ina cewa ai mura ce. A rana ta huɗu da hantsi na ga leɓenta ya canza launi, tana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Nan aka kwashe ta sai asibiti, aka sa mata abin shaƙar iska.

Ita Allah ya tashe ta. Amma naƙuda ta zo ba lokacinta ba. Namiji ne, ɗan mitsitsi, da gashi kwance luf a kanshi. Aka sa shi a kwalba, ya kwana biyu, ya koma. Ko suna bai kai ba. Ni na karɓe shi a zane na miƙa wa maza.

Kafin a sallame mu na samu wata nas, babbar mace mai natsuwa, na ja ta gefe na gaya mata abin da na yi. Na ce ta faɗa mani tsakaninta da Allah, da an yi allurar nan da yaron ya rayu? Ta ce, "Hajiya, wannan sai Allah. Ba kowace mura allurar ke tarewa ba, ba zan ɗora maki abin da ban sani ba. Amma don irin ɗiyarki ake yin ta." Ta ce allurar ba ta hana ɗaukar ciki, ba sai an jira wani lokaci bayan an yi ta ba, kuma ko da cikin ya riga ya shiga ana yi, ko wata nawa ne. Na ji ta, amma cikin kuka nake saurare, shi ya sa nake son masu ilimin cikinku su sake faɗa mani.

Na yi zaton ɗiyata za ta riƙe ni a rai. Na shirya ma hakan, na ce ko ta daina gaishe ni na cancanta. Sai na ga akasi. Ta yi wankan jego a gidana ta gama, kullum ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta koma ɗakinta tana aiko mani da daddawa da kuka kamar da. Na ɗauka haƙuri ne irin nata. Ashe ba haka ba ne.

Watan jiya Ladidi ta je Sheme ta kwana biyu, ta dawo ba dariya a bakinta, ita da ba ta shigowa gida sai da tsokana. Ta zaunar da ni ta ce, "Inna, kin san abin da Yaya ke ɗauke da shi shekara guda?" Wai lokacin da cikin ke wata biyar ta je awo, aka jera mata a layi ana yi masu wata allura daban, wadda ake yi wa duk mai ciki, layi ya zo kanta, ta ji kunyar ta ƙi a gaban mutane, ta miƙa hannu. Ta fulu ba ta yi ba, ko da aka sake tuna mata ta ƙi. Amma waccan ɗayar ta yi, ta ɓoye wa kowa. To tun ranar da yaron ya koma ta sa a ranta cewa bakina ne ya kama ta. Ta ce ta saɓa wa uwa, Allah ya nuna mata. Ta ce ita ta kashe ɗanta da hannun da ta miƙa.

Jama'a, ni na yi kuskure, ita ke tuba. Duk durƙuson nan da take yi mani, ashe gafara take nema ba ta iya faɗa ba.

Yanzu an fara yankan dawa, safiya ta fara sanyi. Mijin ya so ya mai da ita Funtuwa, ta ce ko ƙofar asibiti ba za ta sake takawa ba. Kuma Ladidi ta ce ta ga alamu, tana yawan tofar da yawu, ƙamshin daddawar da take yi da hannunta ma yanzu tayar mata da zuciya yake. In haka ne, ga ciki, ga fuka, ga sanyi, ga mace ta rantse ba awo ba allura. Na aika Ladidi ta ce mata na janye maganata, na yafe duniya da lahira. Ta amsa cewa tausayi ne ya sa Inna ta faɗi haka, ai ranar da Inna ke nufin magana da bakinta ta faɗa, har da kiran suna, saƙo ba ya kwance wannan.

Ga inda na tsaya. In na je na ce mata na yafe kawai, za ta ci gaba da ganin ta yi laifi an yafe mata, allura kuma ta zauna a ranta a matsayin abin da ya kashe mata ɗa, ba za ta yarda a yi mata ba. In kuwa ina son ta yarda, sai na buɗe baki na ce allurar da ta yi ba ta da laifi, wadda na hana ta ce ta kamata, kuma ni ce na zaunar da ita kwana uku ina dafa citta. Ranar da ta gane haka, nauyin zai sauka daga kanta ya dawo kaina, inda ya dace. Amma ina tsoron idon da za ta dube ni da shi. Shekara talatin da wani abu ban zauna hira da ita ba, ban san yadda fushinta yake ba, ban san ko mai ƙaramin ciki za ta iya ɗaukar magana irin wannan ba tare da ta taɓa ta ba.

Malamar da ke rubuta wannan ta ce in tafi da wani malami ya yi mata nasiha. Ladidi ta ce a'a, ni na ɗaura ni zan kwance, ba ɗan rakiya. Mijin ya ce duk ranar da ta amince, ko ana ruwa zai kai ta.

Don haka likitoci da nas-nas na cikin zauren nan, ku gaya mani da Hausar da zan gane, in cikin wata ɗaya ne ko biyu, allurar fulu ba za ta taɓa shi ba? In sanyi ya riga ya shiga, an makara ko har yanzu da amfani? Ku kuma ɗiyan fari, ku da aka raina da kunya irin tamu, in uwarku ta zo ta durƙusa ta ce ita ce ta yi kuskuren da ya ja maku rashi, za ku so ku ji, ko gara ta yi shiru? In faɗa mata duka a zama ɗaya, ko in fara kai ta asibiti sauran ya biyo baya?

Jibi motar kasuwa za ta tashi zuwa Sheme da safe, na riga na ce a tsayar mani da wuri. Ƙullin kayana na ɗaure tun jiya. Abin da zan faɗa in na yi sallama ta fito ne ban samu ba har yanzu. Ku taimake ni kafin jibi, Allah ya raya maku naku.