Shafukan da Auta Ya Yanke

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa tana sauƙi. Tunda kin kashe waya kin ce kin gaji da jin "ya jiki", ga takarda ta hannun direban da ke kawo min kaya. Kin ce in nemo miki abin da zai fitar da ke daga ɗakin nan, ba nasiha ba, ba soyayya ba. To ga guda uku daga cikin tsofaffin littattafan da nake gyarawa a shago. Ki fara da mai koren bango. Birni ne rataye a jikin gajimare, ga matsafa marowata, ga macijin wuta mai fukafukai da ke tsoron kaji. Akwai wani tsohon maƙeri mai baƙar magana, halinku ɗaya. Dariya ce zalla. Duka ukun na sake musu ɗinki da hannuna.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa don ba a ƙin amsawa. Bayan haka, kai wa ka raina?

Na yi kwana huɗu a birnin nan naka, har na manta da ƙaiƙayin filastar da ke ƙafata. A shafi na 212 maƙerin ya ɗauki takobi ya nufi gada. Shafin da ke kallonsa 231 ne, matarsa tana raba kayan maƙera, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Na zazzage gado, na sa maƙwabciya ta ɗaga katifa. Sai na kai littafin bakin taga na buɗe tsakiyarsa da kyau. Zare sabo fil, gam bai gama bushewa ba, yankan reza tsaf. Shekara ashirin ina kallon aikin hannunka, kuma ɓera ba ya ɓarna da tsafta haka. Na duba sauran biyun, ɗaya ya yi tsalle sau biyu, ɗaya sau biyar. Sau biyar! Littafin yaƙi, amma mutane suna ɓacewa kamar an aike su kasuwa.

Mota ƙafa ta karya min, ba ta taɓa kaina ba. Ni da na tsufa ina koyar da lissafi, ka ɗauka ba zan ga an tsallake lamba ba? Ka ba ni amsa.

Yayarka, in ka tuna

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Ni na yanke. Na karanta su duka kafin in aiko, duk inda aka mutu na cire. Maƙerin a kan gadar ya faɗi, matarsa ba ta kusa, labari aka kai mata. Da na zo wurin sai da na kife littafin. Wata uku kacal da rasuwar maigidanki a hatsarin nan, ta yaya zan miƙa miki wannan in ce ki huta? Ke kika ce nishaɗi kike so. Inna ma da na gaya mata cewa ta yi na kyauta.

Ban zubar da su ba, suna cikin ambulan a aljihun tebur. Na yarda garin neman gira na rasa ido, amma gaskiya, Yaya, faɗan ya yi yawa a kan takardu. Allah Ya ƙara sauƙi.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Sallama. Har da Inna? Ashe taro kuka yi. Dama kun saba.

Kwana tara ina kwance a asibiti, kuna shigowa ɗaya bayan ɗaya da fara'arku. "Yana ɗakin maza, yana samun sauƙi, ya ce a gaishe ki." Kai ka kawo min wannan gaisuwar, Auta, da bakinka, har sau uku. Na ba ka lemo ka kai masa, ka dawo ka ce ya sha. An binne shi tun ranar farko, ni ina nan ina tambaya ko ya ci abinci. Daga bakin mai shara na ji, tana min ta'aziyya da tsintsiya a hannu.

Har yau ba wanda ya gaya min yadda aka yi. In na tambaya sai a ce in yi haƙuri, a gyara min filo. Na tuna muna cikin mota yana min tsiya a kan rediyo, sai kawai na ga ana raba kayansa. Abin da ke tsakani yana hannunku. Na gudu cikin littafi don in huta da ku, can ma na tarar kun riga ni da reza.

Mijina ne. Ba wanda ya fi ni haƙƙin sanin yadda ya tafi, kuma ina jin haushinku fiye da yadda nake jin haushin motar. Ka aiko da ambulan ɗin. An ce kai ne a kansa lokacin da ya cika, don haka ka rubuto min tun daga isowarka har ƙarshe, kada ka cire ko wasali. In ba za ka iya ba, ka riƙe littattafanka, ka riƙe gaisuwarka.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Ga ambulan biyu. Mai kaurin na littattafan ne, na jera shafukan bisa lamba. Siririn nawa ne, shafi huɗu, kwana uku na yi ina rubutawa. Ya yi awa biyu da rai bayan na iso. Ya yi magana, kuma a kanki ne. Ban gyara komai ba, har abin da na yi da lemon yana ciki. Ki yafe min.

Auta

*

Auta,

Na gaishe ka. Na karanta siririn sau biyu. Na yi kukan da kuka hana ni, har maƙwabciya ta buga ƙofa na ce ta bar ni.

Ban huce ba, kada ka yi murna. Mai kaurin ban buɗe ba tukuna. Ka zo ranar Asabar da allurarka da zarenka, ka mayar da kowane shafi inda ka cire shi, a gabana.

Yayarka