Kwaɗo Mai Lamba Sha Tara

Zuwa ga Maman Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya rigimar tagwayenki? Ina fata tarin ƙaramar ya lafa.

Ba zan zo ƙarshen makon nan ba, an dakatar da ni daga aiki. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Kin san ɗanyen man da bututu ke kawo mana matatar mai yana zuwa da ruwa, ruwan kuma ya kwanta a gindin tanki. Kafin a tura man sai mutum ya buɗe bawul ɗin ƙasa, wato famfon gindin tankin, ya tsaya yana kallon ruwan na fita, da ya ga ya fara baƙi ya rufe. Ka'idarmu, wanda ya buɗe yakan rataya kwaɗonsa mai lamba a sarƙar bawul ɗin, don a san mai alhakin.

Ranar Talata da hantsi mai ya malala daga tanki na huɗu har ya cika kwata, ga masu walda ba nisa. Allah ne ya kiyaye. Kwaɗon da aka samu a wurin nawa ne, mai lamba sha tara. Amma ba ni na buɗe ba. Yayanki ne ya ara, wai ya manta nasa a gida. Mutumin da ya samo mini aikin nan, ya ba ni ke, ta yaya zan hana shi kwaɗo?

Litinin zan gurfana gaban kwamiti. Na yanke shawarar yin shiru, tunda saura wata bakwai Yaya ya yi ritaya. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Naki,
Dogo

*

Maman Biyu,

Ina gaishe ku duka. Saƙonki ya iso, na ga har tawada ta jiƙe.

Jiya na je ɗakin Yaya, ina cike da shi, don a zatona barin bawul ɗin ya yi ya tafi hira. Ya rantse ko taku ɗaya bai yi ba, yana tsaye a kai. Ban yarda ba sai da ya tashi zuba mini shayi. Kofin ya cika, yana zuba a kan tebur, shi kuwa yana ta tsiyayawa yana ba ni haƙuri.

Ashe idon ne. Yana tsaye mai ya fito, shi yana ganin ruwa ne. Shekara guda ke nan yana ɓoyewa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Dogo, wata bakwai ne kawai."

Sauran wata bakwai zai ci gaba da buɗe tankuna, mutum arba'in na aiki a gefensa. Ban runtsa ba.

Naki,
Dogo

*

Maman Biyu,

Da fatan kuna lafiya. Na faɗa wa kwamiti komai, har da shayin. Yaya na zaune a gefena, bai ɗago kai ba. Sun sallame shi, ni kuma an ba ni takardar gargaɗi saboda aron kwaɗo.

Da muka fito ya miƙo mini kwaɗon, sai dai ba daidai inda nake tsaye ya miƙa ba. Na matsa na karɓa. Ko kallon inda nake bai sake yi ba.

In kin ji haushina, ba zan ga laifinki ba. Na karɓo masa kati a asibitin ido, ranar Alhamis ƙarfe tara, yana cikin ambulan ɗin nan. Ki raka shi, ki riƙe masa hannu wajen hawa bene. Kada ki ce daga wurina ya fito.

Mijinki,
Dogo