Murhun da Mama Ta Zaɓa

Tompkinsville, Staten Island
14 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Yayata Abigel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina addu'a takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Baba Toma da yara duka. Yaya Pankshin, yaya damina? Yaya gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi, amma ki rage hawan dutse zuwa gona kamar 'yar shekara ashirin, na san halinki sarai. Mu nan da godiya. Mijina Shamshon yana fama da tuƙin bas, ni kuma ina nan gidan kula da tsofaffi. 'Yarmu Hadassa ta yi tsawo, kina yi mata Hausa tana mayar miki da Turanci ko kunya babu. Mama tana cin abinci, ba ta fashin sujada. Za ki ce me ya kai ni takarda alhali ga waya. Sau uku na kira ki don maganar nan, sau ukun na ɓige da zancen ruwan sama.

Kin san Mama da tumatir. Zuwanta Amurka bai canza ta ba. Da kaka ta yi sai ta sa Shamshon ya jido mata kwali-kwali, ta markaɗa da tattasai da attaruhu, ta dafa har ya tsane, ta ɗura a kwalabe, ta jera su a babbar tukunyar dalmar da ta taho da ita daga gida, ta tafasa su har murfin ya kama. Bara kwalba sittin ta yi, kusan duk Hausawan layinmu sun ci miyarta. A ƙasar da ba ta jin yare, ba ta san hanya ba, ba ta da gona, wannan aikin ne kaɗai ya rage mata wanda ta fi kowa iyawa.

Yanzu ga abin da na ɓoye miki. Kin tuna watan Fabrairu da na ce miki mura ta kwantar da Mama a asibiti? Ba mura ba ce, Yaya, ki gafarce ni. Iska mai dusar ƙanƙara ce ta tsinka wayoyi, wuta ta ɗauke a unguwarmu da rana tsaka, duk muna waje sai ita. Murhunmu na lantarki ne, ya mutu, gida ya ɗau sanyi. Mama ta yi abin da kowace mace a Pankshin za ta yi in an ɗauke wuta: ta jawo abin gashin naman Shamshon daga bayan gida, ta shigo da shi kicin, ta hura gawayi, ta rufe ƙofa saboda sanyi. A gida kicin ɗinmu duk kafofi ne, iska na shiga tana fita. Nan tagogi a toshe suke ruf, kuma gawayi yana fitar da wata mugunyar iska marar wari da ke kashe mutum yana zaune. Na'urar da ke bango don irin wannan ta kama ihu, Mama ta ga ta dame ta, ta lulluɓe ta da zane! Zalika, 'yar Nijar da ke zaune a samanmu, ita ta ji ƙarar ta sauko, ta tarar da Mama kwance a ƙasa da ludayi a hannu. Ta ja ta waje cikin ƙanƙara ta kira motar asibiti. Da Zalika ta fita shagonta ran nan, da tuni kin sa baƙi.

Kwana biyu ta yi aka sallame ta. Amma kafin mu tafi likitar ta ja ni gefe, ta ce ta yi wa Mama wasu tambayoyi kuma amsoshin ba su kwanta mata ba, ba kuma gawayi ne kaɗai ya jawo ba. Ta ce in sa ido a kan mantuwa. Haushi ya kama ni, na ce mata matar da ta haddace Zabura ce za a ce wa mantuwa? Ni da nake wanke tsofaffin wasu kullum, na san alamun nan kamar tafin hannuna, amma da abin ya zo kan uwata sai na rufe ido. A watan jiya murhunmu ya ƙarasa lalacewa, Mama ta riƙa hawa wajen Zalika tana girki a nata na gas. Ran nan Zalika ta tare ni a matakala, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce sau biyu Mama tana murɗa gas ba ta kunna ba, ta koma falo ta zauna. Na biyun har warin ya kai ƙofar waje. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba, don Mama uwa ce a wurinta.

Ranar Asabar muka je sayen sabon murhu, ni da Shamshon da Mama. Mai gidan da muke haya ya ce mu zaɓi wanda muke so, bututun gas yana nan a bango. A kantin muka dace da wani ma'aikaci, Kwame, mutumin Kumasi mai Hausar Zango, ya zauna ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce na gas ko an ɗauke wuta ashana ɗaya ta isa a kunna samansa, kuma zai ɗauki tukunya kome girmanta. Ya nuna mana wani na lantarki mai saman gilashi, ba ya fitar da harshen wuta, in an sauke tukunya sai ya kashe kansa, in an manta da shi ma haka. Amma ya ce ba ya aiki da tukunyar dalma sam, nauyin ruwa da kwalabe kuma yana iya fasa gilashin, in wuta ta ɗauke kuwa ya zama tebur. Shamshon ya ce ai magana ta ƙare, bayan abin da ya faru a Fabrairu wa zai sake sayen na lantarki? Mama kuwa tuni ta tsaya gaban wani fari na gas mai baki biyar tana shafa shi, tana auna babban bakin da tafin hannunta. Rabon da in ga fuskarta haka tun bikin autanmu. Ta ce wannan ne nata, bana sai ta yi kwalba ɗari.

Yaya, na ƙi. Ina tsaye cikin mutane na ce ba yau ba, sai mun yi shawara. Shamshon ya hau faɗa a mota, wai taurin kaina ya motsa. Sai da muka sauke Mama na gaya masa komai, ya dafe kai. Ranar Litinin na koma ni kaɗai na sayi mai gilashin. Don ɗauke wuta kuma mun sayi ɗan ƙaramin risho na gas da barguna da fitilu, rishon yana kulle a rumfar bayan gida, makulli a aljihun Shamshon. Wato in wuta ta sake ɗaukewa ba ma nan, uwarmu za ta zauna cikin bargo ta ci burodi, ita da ta shekara hamsin tana ciyar da gida. Na ce mata mai gidan hayar ne ya janye, ya hana gas. Ban taɓa yi wa Mama ƙarya ina kallon idonta ba sai ran nan, kuma har yau abin yana ci na.

Jiya da safe aka kawo murhun. Ta zagaya shi, ta taɓa gilashin. Da masu haɗawa suka tafi sai ta kira ni ɗakinta ta ce in rufe ƙofa. Ta ce ta gaisa da mai gida ranar Lahadi, da hannu da ka ya nuna mata bututun yana murmushi, don haka ta san ba shi ba ne. Ta ce ta kuma san abin da ya faru a ɗakin Zalika, don ta ji warin da hancinta, ta rasa wanda ya murɗa, sai daga baya ta gane babu kowa a ɗakin sai ita. Na durƙusa ina kuka, ita ce ma take bubbuga bayana. Ta ce na kyauta da na rufa mata asiri a gaban surukinta da baƙo. Amma ta roƙe ni abu biyu. Kada in ƙara yi mata ƙarya tun tana iya ganewa, lokacin da ba za ta gane ba yana zuwa, in adana ta sai lokacin. Na biyu, in rubuta miki gaskiya da hannuna, kada ki ji a bakin wani.

To, na rubuta. Ina jin tsoro, Yaya, ban san saurin da abin zai yi ba, likita ma ba ta sani ba. Ki daina jiran Lahadi kafin ki kira ta. Ki kira gobe, ki kira jibi, ki tambaye ta duk abin da kike cewa za ki tambaya wata rana. In akwai hali ki fara neman biza yanzu, kada ki ce sai an gama girbi. Yau da safe ta kira sunayenmu mu shida a addu'a, a jere, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Ki gaishe mini da Baba Toma da Kawu Nataniyel, amma Kawu kada ki gaya masa tukuna, ki bar Mama ta zaɓi ranar. Ki gai da Gwaggo Saratu da matan zumunta, ki ce su sa mu a addu'a. Shamshon da Hadassa suna gaishe ku. Allah ya riƙe mu duka.

Ƙanwarki,
Nendirmwa