Rasuwar Zahari Kumanov da Rabin Kiɗan da Muka Nema

Cikin alhinin da muka daɗe muna fargabar zuwansa, Ƙungiyar Makaɗan Jita da Goge ta garin Lovech ta samu labarin rasuwar ubanta kuma shugabanta na farko, Mai Girma Farfesa Zahari Kumanov, ranar Talata da safe, yana da shekara saba'in da tara, bayan jinyar wata goma sha huɗu wadda duk mai ƙaunarsa ya yi masa fatan hutawa daga gare ta.

Shekara arba'in Marigayi Farfesa yana rubuta kiɗa, ba domin gwanaye ba, sai domin irinmu, malaman makaranta da masu gasa burodi da matan aure, waɗanda suka wuce 'yan koyo amma ba su kai a saya musu tikiti ba. Yakan ce mini, "Rositsa, 'yata, kina jan jita kamar mai figar kaza, amma ci gaba, kazar ma ta saba."

Kowa ya san al'adarsa: ba ya ajiye kwafi. Takardar jita ya ba mutum ɗaya, ta goge ya ba wani, domin dole su nemi juna kafin su ji abin da ya rubuta. Kiɗansa na ƙarshe, wanda ya rubuta a gadon jinya, rabinsa na jita ne kawai ya iso hannunmu, kuma bai faɗi wanda ya ba ɗaya rabin ba. Kwana uku muna bin gidajen membobi, mun kusa haƙura cewa an binne shi tare da shi.

Muna sanar da jama'a, cikin godiya ga Allah, cewa an same shi. Jiya uwarmu, matar Marigayi, Uwargida Nevena Kumanova, ta sauko da akwatin gogenta, wanda ta rufe shekara goma sha takwas da suka wuce, da niyyar ba ƙungiya kyauta, sai ga takardar a ƙarƙashin tsirkiya, da sunanta a kai, an sauƙaƙa ta daidai da yatsun da suka yi tauri. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ji tsohon nan da wayo! Ya tafi ma bai bar ni na huta ba." Na karanta littattafan soyayya da yawa, ban ga wasiƙa irin wannan ba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Uwargida Nevena, da 'yarsu Dakta Bilyana Kumanova, da ɗaukacin dangi. Allah ya jiƙansa, ya ba su ƙarfin zuciya.

Za a fara jin kiɗan ranar addu'ar arba'in, bayan an raba dafaffiyar alkama ta sadaka bisa al'adarmu. Uwargida ta fasa kyautar gogen. Ta ce a kawo mata sababbin tsirkiyoyi.

Rositsa Tabakova
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Makaɗan Jita da Goge, Lovech