Zan Je Auren Ɗan Farinmu

Malam,

Sallama da gaisuwa irin wadda na saba yi maka in ka dawo daga fadama. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, ba kuma mai karanta maka ita. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma ban da kai ba ni da wanda zan gaya wa ba tare da an kama baki ba.

Gida lafiya. An saki ruwan noman rani a kan kari bana, ɗanmu Sani ya dasa tumatir a gonarka ta hanyar Kadawa, sai dai har yanzu kunyoyin shukar da yake ja ba sa miƙewa kamar naka. Ni kuma ina nan da tukunyar gumin shinkafata, hayaƙi na cin idona kamar yadda ka bar ni.

Babban labarin shi ne yaron nan zai yi aure. Ka san wanda nake nufi, ɗan farinmu, wanda ka sayar da bijiminka ka tura karatu Malesiya. A can ya sami yarinya Musulma, 'yar mutunci. Iyayenta sun amince, sharaɗinsu ɗaya ne: su ga wani nasa da idonsu, don su san yana da asali. Ƙaninka Baffa Idi ne ya kamata ya je, amma ƙafa ta kwantar da shi. Sani ba zai bar tumatir ba. Takardun tafiya kuwa nawa ne suka fito.

Ka ji yadda gari ya ɗauka? Yayarka Gwaggo Ladi ta zo har ɗakina ta ce a Bunkure kaf ba a taɓa jin uwa ta tsallake teku zuwa bikin ɗan fari ba, ina kunyata ta tafi? Raina ya ɓaci ƙwarai, don ta fi kowa sanin irin kunyar da na yi. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunansa ba. Yana rarrafe zuwa wurina, in kau da kai, kakarsa ta ɗauke shi. Har dariya kake mini in na ce a kira mini “wancan”.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da ka raka shi tashar Kura, na ce aiki ya riƙe ni. Bayan rumbu na koma, na yi kuka har shinkafar da ke kan wuta ta kama. Ina son yaron nan, Malam, so mai ciwo. Kai ka rungume shi a gaban jama'a. Ni me na taɓa ba shi ban da ƙosai ta hannun ƙanwarsa?

Tsoro kam ina ji. Ban taɓa wuce Kano ba, yanzu an ce zan kwana a sama, in sauka cikin mutanen da ba na jin yarensu. Sani ya ce a filin jirgi za a tambaye ni wurin wa na zo, kuma ba wanda zai amsa a madadina. Can ma a gidan surukai, wa zai ce wannan ɗanmu ne, mun san ubansa, mun san gonar da ya tashi a ciki? Da kana raye da na zauna a ɗaki na yi kunyata cikin kwanciyar hankali. To ba ka nan. Zan bar shi ya zauna shi kaɗai kamar wanda aka tsinta a hanya?

Ba zan bari ba. Na ɗaure kayana, har da shinkafar da na gyara da hannuna da kanwa da daddawa. Gwaggo Ladi ta faɗi abin da za ta faɗa. Kwana biyun nan, in na shiga madafa ni kaɗai, nakan gwada faɗin sunan a hankali. Jibi in Allah ya kai mu zan faɗe shi da ƙarfi, ya ji da kunnensa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri. Sai mun zo.

Ni ce matarka,
Uwar Habibu