Ƙullin Bakin Zanenki

Zuwa ga Mma,

Ina gaishe ki, da fatan kina cikin rahamar Allah. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Ko da kina da rai ma, sai dai in karanta miki, kina cewa in rage sauri. Amma zan rubuta, don maganar ta daɗe tana cina.

Gida lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yana zuwa masallaci da sanda. Yaya Memuna ce ta gaji tukunyar kokonki, kuma masu saye ba sa ɓoye mata cewa citta tana yi mata yawa. An kafa famfo a bakin titin unguwarmu Sabonjida, yana kawo ruwa ranar da ya ga dama. Takwararki, wadda muke kira Mma Ƙarama, ta kai aji uku, kuma a ajina take. A makaranta ba ta ce mini Mma, sai tica, kamar ba ni na haife ta ba.

Tun da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, komai so ake ya zama sabo, har tatsuniya. An aiko mana takarda daga ofis cewa mu koya wa yara tatsuniyar zamani, su gane siffofinta, su kuma ƙirƙiri tasu. Na rubuta musu a allo: tana da abin mamaki irin na da, amma a garin da muka sani take faruwa, akwai lori ko rediyo ko asibiti a ciki, yarinya ba ta zama ta jira mai ceto, ita ke ceton kanta, ba dole a kashe mugu ba, yana iya tuba. Sun haddace tsaf, kamar lissafi. Da na ce su kawo tasu, sai suka zuba mini ido. Yaron da ba a cika masa kunne da ta da ba, ina zai samo sabuwa?

Nan ne na tuna da ke, da abin da na yi miki.

Kin tuna shekarar da na fito daga kwalejin horon malamai? Hedimasta ya ji labarin ke ce gwanar tatsuniya a unguwarmu, ya ce in kawo ki ki yi wa ajina. Kika ce ba a tatsuniya da rana, mai yi yakan ɓata. Na matsa miki har kika yarda. Kika bar wa Yaya Memuna koko, kika ɗaura zanenki na zuwa suna, kika tako har makaranta. Kika ce mini za ki yi wadda kika samu wurin mahaifiyarki, wadda ta zo da ita daga Katsina ta hanyar fataken goro, ko mu 'ya'yanki ba ki taɓa yi mana ita ba.

Kafin ki fara, kika kama bakin zanenki kika ƙulle, kika gaya wa yara cewa kin ɗaure gizo, yanzu ba wanda zai ɓata. Suka yi dariya. Hedimasta yana tsaye a bakin ƙofa, shi ma ya murmusa. Ni kuwa kunya ta kama ni, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yau ina iya maimaita abin da kika faɗa. Yarinya ce ta je ɗiban ruwa da rani, duk rijiyoyi sun ƙafe sai guda. Rijiyar ta ce ba ta ba da ruwa sai an ba ta suna. Yarinya ta ba ta nata, ta cika tulu, ta koma gida, ba wanda ya gane ta, har uwarta ta tambaye ta ko 'yar wane gida ce. Ta koma ta roƙi rijiya, ta hana. Ta sake komawa, ta hana. 'Ya'yan ƙabilar Dagomba da ba su gama jin Hausa ba ma sun saki baki. Kina cewa ta kama hanya karo na uku, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko da gaske ƙullin ne ke tsare su.

Me ya hana ni in ce mata ta bari a gama? Na tashi, na ce camfi ne, ɗan makaranta ba ya yarda da camfi. Na zo gabanki na sa hannu na kwance ƙullin, don in nuna musu ba abin da zai faru. A gaban yara arba'in da hedimasta na yi wannan, Mma, da zanen da ke jikinki.

Ba ki yi faɗa ba. Kin dube ni, kika gyara zane, kika ce wa yara sauran sai wata rana, kika fita. Da na dawo gida kika zuba mini tuwo kamar kullum. Shekara huɗu muka yi bayan nan, ba ki tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ina ta cewa zan ba ki haƙuri in kuma tambaye ki ƙarshenta, ina ganin lokaci yana nan. Girman kai ne, ba wani abu ba. Na yi kuskure, kuma ina jin zafinsa har yanzu.

Bayan rasuwarki na bi tsofaffin Sabonjida ɗaya bayan ɗaya, na je har unguwar Nyanshegu wurin ƙawarki Hajiya Azumi. Ba wadda ta san tatsuniyar. Gaskiyarki, an ɓata. Mu dai muna nan, ita ce ta tafi.

Makon jiya, da yaran suka kasa kawo tasu, na ajiye alli na yi musu taki tatsuniyar, har inda kika tsaya. Na ce kowa ya ƙarasa ta irin na zamani. Sai ga aiki! Wani ya ce ta hau lori zuwa Kumasi ta samo sabon suna. Wata ta ce ta yi cigiya a rediyo. Wani ɗan unguwar Bulpiela ya ce gwamnati ta kawo famfo, aka daina zuwa rijiya, kaɗaici ya ishe ta, ta amayar da sunayen duka. Shi na ba maki mafi yawa, ya cika duk abin da ke allo.

Ta takwararki layi biyar ce. Ta ce yarinyar ba ta kai rijiya ba, ta juyo gida. Ta sauke tulu a inda ta saba saukewa, ta zauna a inda ta saba zama. Uwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta zuba mata tuwo, ta ce ko babu suna ta san tata.

Babu lori a ciki, babu rediyo. In aka bi allo, ta faɗi. Na riƙe jan biro har aka buga ƙararrawa ban sa mata komai ba. Haka take ƙarewa, Mma? Tuwon da kika zuba mini ran nan, amsar ke nan ban gane ba?

Abu ɗaya ya rage in gaya miki. Kafin in fara yi musu, na kama bakin zanena na ƙulle, na ce na ɗaure gizo. Sun yi dariya, na bar su suka yi. Zanen yana cikin adaka, ban wanke shi ba, ban kuma kwance ba.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a inda za ki ƙarasa mini.

Ni ce 'yarki,
Rabi, ticar aji uku