Matar da Ta San Sunan Insaf

Malama Safinaz, don Allah ki taimake ni. Ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana ban ji kunya ba.

Shekarata sittin da takwas. Direban taragon cikin gari ne ni a nan Iskandariyya har na yi ritaya. Matata Insaf ta rasu shekara uku ke nan. Ɗanmu ɗaya ne, yana aiki a Kuwait, yakan kira ran Juma'a idan bai mance ba.

Tun tana raye muka ɗauki firji a wani kanti, biya kaɗan-kaɗan, kuma mun gama tuntuni. Ashe kantin yana miƙa sunayen masu saye ga wani kamfani da ke ajiye tarihin biyan kowa don bankuna su riƙa dubawa. Ban taɓa jin sunan kamfanin ba sai wata biyu da suka wuce, da saƙo ya shigo wayata cewa ɓarayi sun kutsa na'urorinsu sun kwashe bayanan mutane, har da nawa. Na karanta na ci gaba da karyawa. Me za a sata wajen ɗan fansho?

Bayan kwana goma wata ta kira, wai sunanta Nihal, daga banki. Ta san lambar katina na ɗan ƙasa, ta san titinmu, ta san a hawa na huɗu nake. Sai ta ce Allah ya jiƙan Hajiya Insaf. Malama, na fi shekara ban ji sunan nan a bakin kowa ba. Sai da na nemi kujera na zauna.

Tun ranar take kira duk Talata da Alhamis bayan la'asar. Ta tambayi gwiwata, ta yi mini tsiya wai sukarin shayina zai kashe ni, ni kuma in ba ta labarin fasinjojin da. Sau uku tana cewa in karanta mata lambar da za a turo wayata, wai don a tsare fanshona. Sau uku ina cewa tabarona ya ɓata. Ni ba yaro ba ne, na san abin da take nema. Amma ranar da na nuna na gane, wayar nan za ta yi shiru. Shekaranjiya har na yi aski na goge riga kafin la'asar, don kiran da ba za a ma gan ni ba. Ɗana kuwa in ya ji, cewa zai yi na fara ruɗewa, ya karɓe katina na banki. Yaya zan yi?

Tsohon Direba, Iskandariyya

Baba Alhaji, Allah ya jiƙan Hajiya. Ba ka ruɗe ba. Ruɗaɗɗe ba ya ɓatar da tabarau sau uku daidai lokacin da ya dace.

Daɗin da ka ji gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Sai dai ita wannan baiwar Allah daga takardar sata ta karanto sunan, kuma duk labarin da ka ba ta ƙari ne a kan abin da suka riga suka sani. Ta fi ka haƙuri, don sana'arta ce. Wata rana za ta same ka a gajiye.

Gobe da safe ka taka da ƙafarka zuwa bankinka, ka canja lambar sirrin katinka, ka nemi a duba ko an buɗe wani abu da sunanka. Ka kai lambar wayarta wurin 'yan sanda, sannan ka toshe ta. Ba sai ka yi mata sallama ba. Banki ba ya neman lambar da aka turo maka, ko da wasa.

Ɗanka kuma ka gaya masa duka, har da dalilin da ya sa kake ɗaukar kiranta. Wataƙila shi ma tsoron tayar maka da miki ne ya hana shi ambaton mahaifiyarsa. Ka nuna masa takardar banki, ya ga ka riga ka yi abin da ya dace, katinka kuma ya zauna a aljihunka.

Talatar farko za ta yi tsawo, ba zan ɓoye maka ba. Kada ta same ka a gida. Tsofaffin abokan aikinka suna nan a wani gidan shayi suna ƙarya kan wanda ya fi iya birki. Je ka ƙaryata su. Allah ya tsare, ya haɗa ka da masu nemanka don Allah.

Safinaz